Sandar Kiran Taro a Malinki

Shekarar da aka zaɓe ni dagacin Malinki, ko allon sarautar ban gama kafewa a bangon gidana ba sai ƙaramar hukuma ta ce za ta haɗe mu da Rudno, garin da ke maƙwabtaka da mu. Wai mun yi kaɗan, a cire sunanmu daga bakin hanya, mu koma wata unguwarsu. Mafita ɗaya ce: mutanen ƙauye su cika zauren taro su ce ba su yarda ba.

To, mutanenmu ka kira su a waya, sai su ce suna wajen shanu. Haushi ya sa na hau rufin ɗaki na sauko da karkatacciyar sandar da kakannin ƙauyen ke kiran taro da ita tun zamanin da masu gonaki ke mulkinmu. Ƙa'idarta, wanda ta shiga gidansa shi zai kai wa maƙwabcinsa hannu da hannu, ya faɗa masa ranar taro. Ba a jefa ta ta kan shinge, ba a aiken wani. Na miƙa wa maƙwabcina, ta fara zaga gidaje.

Ni da wayona, na manta cewa daga gidan tsohuwa Bogumiła sai na tsoho Wincenty. Tsofaffin nan sun fi shekarun aurena ba sa ga maciji, saboda wani itacen tuffa da ke kan iyakarsu. Gaba da gidan Wincenty kuwa akwai rabin ƙauye. Sanda ta shiga gidan Bogumiła ta yi zamanta.

Na same ta tana yanka kabeji, sandar na jingine da murhu. Na roƙe ta ta ba ni in kai da kaina.

"Dagaci, jiya-jiya aka zaɓe ka, har za ka karya al'ada?" in ji ta. "Tafi ka ba ni wuri."

Na fito raina a ɓace, na tabbata Malinki ta tafi.

Ranar taro ina jera kujeru, jami'in hukuma yana ta duban agogo, sai ga mutanen ƙarshen ƙauye suna shigowa da takalman gona, Wincenty a gaba. Ashe da sassafe Bogumiła ta ɗaura kallabin zuwa coci, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa, ta miƙa masa sandar tana kallon gefe. Zaure ya cika, hannuwa suka tashi, sunanmu ya tsira.

Har yau ina jin nauyin alherin matar nan. Na je yi mata godiya, na ce ban san irin abin da ta haɗiye ba kafin ta taka ƙofar nan.

"Kada ka ɗauka mun shirya da wancan tsohon," ta ce. "A Malinki aka haife ni. Ba zan mutu a Rudno ina kwance a kan gadona ba."