Abin da Ya Rage a Idon Baba

Babana, Alhaji Maharazu, ba ya sayen takalmi sai ya ji masana'antar da ta yi shi. 'Yan kasuwar takalma ta Zhanxi Lu da ke Guangzhou sun san shi da wannan naci, ni kuwa da shi na tashi. Saboda haka da likitar ido ta gama haska shi, ta faɗa wa wayarta magana da Sinanci, wayar ta rubuto da Turanci, na san ba zai ƙyale ni ba.

Karatu nake yi a Guangzhou. Shi kuma ya zo sarin kaya daga Kano, na ga yana laluben kofin shayi, na ja shi asibiti yana faɗa.

"Me ta ce, Ramlatu?"

Wayar ta ce jijiyar idon ta riga ta lalace, aiki ba zai gyara ba. Nan gaba abin da zai rage masa *glimmer* ne kawai.

"Ta ce za ka riƙa ganin haske, Baba."

"Wane irin haske? Na ji kin haɗiye wata kalma."

Na faɗa masa ita. Na ce haske ne mai rauni, kamar na tocila in batir ya kusa mutuwa.

"Ita kalmar, 'yar ina ce?"

Wallahi haushi ya kama ni. Ana maganar idonsa, shi yana neman asalin kalma! Amma na buɗe ƙamus a wayata. Na ce tsohuwar kalma ce, tana da dangi a Jamusanci. Sai na tsaya.

"Ƙarasa mana."

"A da can, haske mai ƙarfi take nufi. Daga baya ne ta koma ɗan ƙyalli."

Ya yi 'yar dariya. "Allah sarki. Ashe ita ma ta ga jiya."

Ya ce wa likitar "shiyeshiye", wato "na gode" da Sinanci, ya gyara hularsa. Ni na yi kukan, shi ya ba ni haƙuri.

A bakin matakalar jirgin ƙasan da zai kai mu unguwar Sanyuanli ya tsaya cak. Mutumin da ya koya mini layukan garin nan, wanda kullum sai na yi gudu nake cim masa, ya miƙo hannu ya kama gefen hijabina.

"Wuce gaba, uwata," ya ce. "Amma a hankali."