Famfon Baƙin Mai

Ƙanena Auta ya cire bututun famfon babur ɗina daga jikin inji, ya mayar da shi cikin tanki, bai gaya mini ba.

Ban sani ba sai da muka ci rabin hanya a gasar tsofaffin babura. Gasa ce ta juriya, ba ta gudu ba. Kullum da safe a faɗa maka gari, ka kai kafin rana ta faɗi. Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: abin da ya lalace ka gyara ko ka sa irinsa, amma kada ka ƙara wa babur abin da ba a ƙera shi da shi ba. Kowace yamma alƙalan gasa suna zagayawa suna leƙa injuna. Wanda aka kama, a cire masa lamba, ya koma gida a bayan mota.

Babur ɗina ya girme ni. Irinsa ba ya shayar da kansa baƙin mai. Akwai ɗan famfo a gefen tanki, ta hagu. Kana tafiya kana sauraro. In ka ji muryar inji ta fara bushewa, ka saki kan babur da hannun hagu ka danna. In ka cika, fulogi ya jiƙe ya mutu. In ka rage, inji ya cije, tayar baya ta tsaya cak, kwalta ta karɓe ka. Tun ina saurayi nake wannan aiki, kuma duk wanda ya san ni ya ji daga bakina cewa ban taɓa ƙona inji ba.

Auta bakanike ne. Gemunsa ya yi fari, yana da jikoki, amma a gidanmu Auta yake har ya koma ga Allah. Shi ke bina a baya da akori-kura, ɗauke da tayoyi da jarkoki da akwatin kayan aiki. Ni ke hawa, shi ke kwancewa da ɗaurewa. Haka muka raba tun da can.

Ranar mun tsaya da tsakar rana a wani gidan mai na bakin hanya. Rumfar kwano ce, da benci mai ƙafa uku an tokare shi da bulo. Babura sun jeru, kowanne yana ɗigar da baƙi a kan siminti. Sai ga Tela, ɗaya daga cikin abokan gasarmu. Ya daɗe da barin keken ɗinki, sunan ne ya ƙi barinsa. Wandonsa ya yi baƙi har gwiwa. Ya dubi nawa ya ce kamar na ma'aikacin banki. Ya ce baburansu duk hayaƙi suke kamar an cinna wa bola wuta, nawa ko tari ba ya yi. Na ce masa hannu ne, kuma hannun da ya saba da allura ba zai gane ba.

Ya yi dariya. Ya ce famfonsa na yoyo, in nuna masa yadda aka ɗaura nawa ya kwaikwaya. Muka durƙusa tare. Na sa yatsa a gindin famfo, na bi bututu ina yi masa bayani. Bututun ya sauka, ya lanƙwasa ta bayan ƙarfe, maimakon ya shiga inji sai ya hau. Na sake bi daga farko. Ya sake hawa, ya koma cikin tankin da ya fito.

Na leƙa ƙarƙashin murfin inji. Ga wani ɗan abu nan an ɗaure, an shafa masa baƙin fenti da tsohon maiƙo. Na kankare da farce, sabon ƙarfe ya haska. Famfo ne na zamani, mai shayar da inji da kansa.

Duk kwanakin nan, duk tsaunukan da na hau ina kasa kunne ina dannawa, mai nake ɗiba daga tanki ina mayarwa tanki.

Tela ya miƙe a hankali ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce bai sa gilashinsa ba, bai ga komai ba. Ya tafi wajen babur ɗinsa bai waiwayo ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Auta ya iso da motar. Na ce ya biyo ni bayan gidan man, inda aka tara matattun tayoyi. Ban ɗaga murya ba. Na tambaye shi wa ya taɓa famfona.

Bai yi musu ba. Ya ce shi ne, tun kafin mu baro gida. Ya ce lokacin da nake gwajin hanya yana bina a baya, ya ga hannuna na hagu yana neman famfo yana lalube kamar a duhu, babur yana karkata zuwa tsakiyar titi. Ya ce ya san ko da igiya aka ɗaure ni sai na zo gasar nan.

Na ce masa hannun da yake magana a kai bai taɓa ƙona inji ba.

"Ka ƙona shi, Yaya," ya ce. "Watan da ya wuce. Da na buɗe, a bushe yake ƙayau, cikinsa duk ya karce. Na gyara, na ce maka fulogi ne."

Na nemi abin dafawa, sai tulin tayoyi. Suna da zafi, ban ɗauke hannu ba.

Ya tambaye ni tun safe sau nawa na danna. Na buɗe baki. A da ko barci aka tashe ni zan faɗa, har da wurin da na danna da abin da ke gefen hanya. Na nema a kaina, na ga kwalta, na ga gada, na ga wata babbar mota da ta wuce ni. Ban ga hannuna ba.

A gaba aka fara buga babura. Ɗaya bayan ɗaya suna tashi, hayaƙi yana cika rumfa. Saura tafiya mai nisa, da yamma kuma alƙalai.

Na ce ni ba ɓarawon gasa ba ne. Na ce ko a cire abin nan yanzu in ƙarasa da hannuna, ko in je da bakina in gaya wa alƙalai. Ya ce in gaya musu. Ya ce bayan motar akwai wuri, kuma gara ya kai ni gida a zaune da ya kai ni a kwance, don shi zai tsaya gaban matata, ba alƙalai ba.

Na wuce shi. Na buɗe akwatinsa, abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki sifana. Na koma wajen babur na durƙusa. Notin da ke riƙe da sabon famfon ƙarami ne, yana can ciki kusa da ƙarfe mai zafi. Dole dama ta juya, hagu ta riƙe bututu. Na sa hagu. Ina kallonta tana kaɗawa, bututun yana bugun murfi, kamar hannun wani aka ara mini. Na danne ta da gwiwa. Sifana ta zame, fatar yatsuna ta ɗaye. Na sake. Ta sake zamewa ta faɗi cikin baƙin man da ke ƙasa.

Rumfar ta yi shiru. Babu kowa sai babur ɗina da akori-kura, da mai gidan man yana kallon wani wajen.

Auta yana tsaye a kaina, hannuwansa a baya. Tun yana rarrafe umarni nake ba shi. Na ɗauko sifanar, na goge ta a wandona, na miƙa masa.

"Auta, don Allah. Cire mini shi."

Ya dubi sifanar, bai karɓa ba.

"A'a, Yaya. Ba zan cire ba."