Gurun Saje Audu

Saje Audu bai taɓa kwance gurunsa ba tun ranar da baffansa ya ɗaura masa shi a ƙasar Zuru, ana gobe zai tafi yaƙin basasa. Guru ne na jar fata, kaurinsa kamar babban yatsa, an ɗinke magani a ciki. Baffan ya ce muddin yana ƙugunsa, ƙarfe ba zai ci jikinsa ba, ko harsashi ko wuƙa. Ya je yaƙi ya dawo ba ko ƙwarzane. Waɗanda suka kwana rami ɗaya da shi, da yawansu can aka baro su.

Bayan yaƙi ya karɓi Almasihu. Ya bar burkutu, ya bar caca, aka yi masa baftisma a gulbi. Amma da gurun ya shiga ruwan, ƙarƙashin wando. Fasto bai sani ba. Mutum biyu kaɗai suka sani: matarsa Rifkatu, da Gado, Musulmi, maƙwabcinsa a Mungadi, inda ya zauna yana noman albasa da gero bayan ya ajiye kaki.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ƙaba ta kama shi. Ya ɓoye, ya ci gaba da aiki, har ranar da ya ɗaga buhun albasa ya zube tare da buhun. Likita a Jega ya duba shi, ya ce sai an yi aiki, in ba haka ba hanji zai murɗe. Ya sa masa rana.

Gado ya same shi a rumfa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, ya zauna ba a ce masa ya zauna ba.

"Saje, mi za ka yi da abin ƙugunka? Ka san wuƙar likita ma ƙarfe ce. Su yi ta gurza ka awa busasshen ƙirgi, ka kunyata mu."

"Ka zo gaisuwa ne ko tsiya?"

"Duka biyu. Ji nan. Ka kwance shi ran aiki, ka ba ni ajiya. In an ɗinke ka, in mayar maka da abinka. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Kai da limaminku ya hana irin wannan?"

"Ya hana ni ɗaurawa. Bai hana ni riƙon amana ba."

Audu bai yi dariya ba, amma dabarar ta kwanta masa.

Da ya faɗa wa Rifkatu, tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Baban Ɗanlami, ni ban taɓa cewa ka cire ba. Yau ma ba zan ce ba. Abu ɗaya nake so in sani. Wa ya dawo da kai daga yaƙi?"

"Mace ba ta san yaƙi ba."

"Ban sani ba, shi ya sa na tambaya."

Ya tashi ya fita.

Ranar da aka sa, suka hau bayan motar albasa su uku. Kowane rami motar ta faɗa, sai ya ji kamar an soka masa tsinke, amma bai yi nishi ba. A bayan bangon asibitin ya sa hannu cikin riga ya kwance gurun. Ƙullin ya daɗe, sai da ya yi ta fama da shi da farce. Inda gurun ya zauna fatar jikinsa ta yi fari, ta zagaye ƙugun kamar an shata da alli. Gado ya karɓa ya cusa a aljihun ciki, ya dafa wurin.

"Yana nan. Ko ɓarawon Jega bai isa ba."

Suka zauna a benci suna jiran kira. Audu ya ji iska tana taɓa ƙugunsa, ya ji kansa tsirara ko da yake da riga. Hannunsa yana ta komawa wurin, yana tarar da babu. Ya rufe ido zai yi addu'a. Ya ce, Ubangiji, ga raina a hannunka. Maganar ba ta wuce maƙogwaronsa ba, don idon zuciyarsa yana kan aljihun Gado.

Sai ya tuna Mu'azu, ɗan garinsu. Hannu ɗaya ne ya ɗinka musu guru, rana ɗaya aka ɗaura musu. Mu'azu ya faɗi kusa da shi a bakin wata gada, jininsa ya jiƙa masa takalmi. Shekara da shekaru Audu yana gaya wa kansa wai Mu'azu ya karya sharaɗi ne. Yau ya nemi sharaɗin, bai samu ba. Mu'azu bai karya komai ba.

Ya dubi lamarin yadda soja yake duban fili. Yana so ya shiga ɗakin can da sunan Yesu a baki, ya fito ya koma cikin gurun fatar akuya. Aron kansa zai ba Allah na yini ɗaya. Shi kuwa Saje Audu, a rayuwarsa bai taɓa yi wa hafsa biyu faretin safe ba.

"Gado. Ba ni."

"Mi? Ba a ko kira ka ba. Tsoro ya kama Saje?"

"Ba ni, da wuƙarka."

Gado ya daina wasa. Ya matso, ya rage murya.

"Kai, aboki, yi hankali. Bari a gama aikin tukuna. In ka tashi lafiya, ka yanka, ka ƙone, ni zan kawo maka ashana. Amma ba yanzu ba. Mutum ba ya sakin abin da ya riƙe sai ya ga inda zai sauka."

"In na jira na ga na tashi, ban dogara ga kowa ba. Ciniki na yi."

"In kuma ba ka tashi ba?"

"To na je wurin Ubangijina ƙuguna wayam. Ya fi."

"Uwar Ɗanlami, ki yi mai magana mana!"

Rifkatu ta dubi mijinta. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Malam Gado, ajiya ya ba ka. Mai ita ya zo."

Gado ya girgiza kai, ya ciro gurun, ya ciro 'yar wuƙar da yake yanke ganyen albasa da ita.

"Ba za ta ci shi ba ma," ya ce.

Audu ya miƙa wa Rifkatu baki ɗaya, ya riƙe ɗayan. Ya tsawata wa kansa a zuci kamar yadda yake tsawata wa kurtu, ya ɗora wuƙar ya ja. Fatar ta tsufa, ta sha gumi. Ja biyu ta rabu. Bai leƙa abin da ke ciki ba. Ya tashi da ƙyar, ya taka har gindin bango inda ake ƙone shara a cikin wata tsohuwar ganga, ya jefa. Ya tsaya sai da ya ji ƙaurin fata.

Da ya dawo ya mayar wa Gado wuƙarsa.

"Ta ci," ya ce.

"Na gani. Wallahi taurin kanka ya fi gurun tauri." Gado ya share fuska da bakin rawani. "Je ka. Ni zan yi maka tawa addu'ar nan waje, ita ta yi maka taku. Allah ya tashe ka."

"Amin."

Wata ma'aikaciya ta leƙo daga ƙofa, ta kira sunansa. Ta ba shi rigar asibiti, ta ce ya cire duk abin da ke jikinsa, zobe ko laya ko wani abu.

"Babu," in ji Audu.

"Baba, ka tabbata? Tsofaffin sojan nan mun san ku."

Ya ɗaga riga ya nuna mata farin zanen da ke ƙugunsa. Tsoron bai tafi ba. Ya sake yin addu'ar nan ta ɗazu, wannan karon ta fita har ƙarshe. Ta miƙo hannu za ta tallafe shi, ya ƙi. Ya gyara tsayuwa, ya shiga da ƙafarsa.