Muryar Dale a Rediyo

Lorraine Pruitt ba da mugun nufi ta yi ba. Tana kwashe tarkacen garejinsu a Duluth ta ci karo da kwalin kaset na mijinta Wendell, waƙoƙin gwaji masu taushi da shi da ƙaninsa Dale suka naɗa da jita da fiyano a 1978. Ba a daɗe ba Dale ya nutse a tafki ya rasu. Tun daga ranar Wendell bai sake taɓa jita ba, ya kuma hana kowa kunna kaset ɗin.

Ta haɗa kwalin da tsofaffin fitilu ta sayar a ƙofar gida, shi yana can wurin kamun kifi. Da wani ƙaramin kamfanin faifai da kaset ɗin suka faɗa hannunsa ya bugo waya yana neman izinin fitar da waƙoƙin, ta ce mijinta ya yarda. Kullum sai ta ce gobe za ta gaya masa.

Wata Lahadi suna dawowa daga coci, Wendell na tuƙi yana mitar tsawon wa'azin fasto, sai fiyanon ya tashi a rediyo. Muryar Dale ta biyo baya, siririya, ta saurayi.

Wendell ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Ji shi," ya ce a hankali. "Ya sake makara a amshi. Ɗan banza, kullum sai ya makara."

"Wendell, ni ce na..."

"Yi shiru, Lorraine. Bari ya gama."

Ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta gudu. Da waƙar ta ƙare ya share fuska da hularsa.

"Ashe na manta muryarsa," ya ce. Sannan ya juyo ya dube ta. "Amma ba naki ba ne da za ki bayar."

"Na sani."

Ya ja motar suka koma gida. Bayan kwana biyu ya sayo faifan da kansa, bai nuna mata ba. Yanzu in ya dawo daga gari yakan daɗe a mota kafin ya shigo, waƙar na tashi ƙasa-ƙasa. Lorraine, in tana wanke-wanke, takan rufe famfo ta tsaya da kumfa a hannu tana saurare. Har yau bai ce ta zo su ji tare ba, ita ma ba ta tambaya ba.