Ƙofar da Baba Tela Ya Hana a Taka

"Wallahi kika tako ɗakin nan ban yafe ba!"

Muryar maƙwabcinmu Baba Tela ce daga ciki. Autarsa na tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, ga tsohon ciki, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, magani kawai zan shafa maka a baya."

"Auta, kunnen ƙashi gare ki? Likita ya ce numfashina ma ya isa ya sa miki. Ba ki taɓa yin ƙarambau ba, ga ki da juna biyu. Koma!"

Na karɓe kwanon. "Kawo nan. Ni na yi nawa tun ina yarinya, ga tabon a goshi."

Wani yaro da aka kawo awon riga ne ya shafa masa ciwon. Baba ya raina abin, wai ciwon yara ne, ya ci gaba da taka kekensa har ƙuraje masu ruwa suka feso masa har cikin baki. A asibiti aka ce maganin ya fi ci in an fara da wuri, kuma ƙarambau a jikin babba ba wasa ba ne.

Na ɗaura ɗamarar jinya. Na yanke masa farce, nakan wanke zanin gadonsa daban. In ya kai hannu zai sosa, in buge hannun.

"Ke maƙwabciya ce ko 'yar sanda?"

"Duka biyun, Baba."

Shi da Auta kuwa a waya suke hira, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu.

Sai tari ya shigo, ciwon ya sauka a ƙirji. Da motar kai shi asibiti ta zo, yana haki ya riƙe ƙafar gado.

"A shigar da Auta ɗaki a rufe tukuna."

Ni na rufe ta, tana dukan ƙofa. Baba bai dawo daga asibiti ba.

"Kin hana ni ko hannunsa in riƙe," Auta ta ce min ranar da ya rasu. Maganar ta ƙona min rai, amma na haɗiye, don ko yau ne haka zan yi.

Da ta sauka, ni na yi wa jaririn wankan farko. Na juya shi, na duba wuya, hammata, bayan kunne, ko da ƙurji. Auta ko numfashin kirki ba ta yi.

"Fes yake," na ce.

Ta miƙo yatsa ɗaya, yaron ya damƙe. Ta daɗe ba ta janye ba.