Gadar da Aka Yi wa Kwalliya

Tun farkon damina gadar bakin ƙauyen ta fara tsagewa daga ƙasa. Maginin ƙauyen ya fi kowa sani, don shi ke shiga ƙarƙashinta ya cusa hannu a tsagar, kuma kullum hannun ƙara nutsewa yake. Ta kanta yara ke takawa zuwa makaranta, har da 'yarsa Auta.

Sai labari ya zo cewa jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma zai zo ya ga abin da ƙauyuka ke buƙata. Mutanen nan kuwa, da an ce baƙo, sai kunya ta kama su kamar za su gaida surukai. Aka share hanya, aka kwashe bola. Mai gari ya kira magini.

"Ka ɗan shafe mana tsagar nan, kada a ce mu ƙazamai ne."

"Ranka ya daɗe, ai ita ya kamata ya gani."

"Za mu faɗa masa da baki. Wa ke tarbar baƙo da yagaggiyar riga?"

Magini ya so ya yi musu, amma mai gari kawun matarsa ne, ga jama'a sun zuba ido. Ya kwaɓa siminti ya toshe, ya bi da farin fenti. Abin haushi, aikin ya yi kyau, don hannunsa bai iya ha'inci ba.

Jami'in ya iso da rana tsaka yana gumi. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce kawai ta cinye shi. Ya leƙa ƙasan gadar, ya hau ya buga ƙafa, ya ce, "Madalla! Ina ma kowane ƙauye na kula da kayansa haka."

Mai gari ya washe baki, yabo ya mantar da shi alkawari. Magini ya matso ya ce, "Yallaɓai, wannan fentin..." Sai surukin nasa, mai gari, ya ja masa riga.

"Haba, bari bawan Allah ya ci abinci tukuna."

Kafin a wanke hannu hadari ya haɗo baƙi ƙirin, jami'in ya yi wuf ya shige mota. Ta taga ya ɗaga murya: "Sabuwar gada ƙauyen gaba za mu kai wa, tasu ta rufta. Ku kuma ba za a bar ku haka ba. Babbar motar da za ta riƙa kwasar yaran yankin nan zuwa makaranta, ta nan za ta bi. Jibi za ta fara!"

Tafi ya haɗiye ihun magini, mota ta tafi.

Da ruwan ya ɗauke, magini ya gangara ƙarƙashin gadar. Wani siririn layi ya ratsa fentin, ruwa na tsattsafowa ta ciki. Yana tsaye ƙura ta zubo masa a ka, yara ne ke tsalle a sama. Auta ta leƙo, fuskarta cike da murna.

"Baba, ni a gaba zan zauna!"