Motar da Ba Ta da Gidan Baya

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata a ofishin da wata injiniya mai suna Turai ke aiki, guguwar ta haɗa da ita. Sauran injiniyoyi suka bazama neman aiki. Ita kuwa, da yake kanta da taurin tsiya, ta shige wani gareji a unguwar Rusholme da ke Manchester ta duƙufa kan gyaran wata tsohuwar Lotus Europa, 'yar ƙaramar motar tsere mai kujera biyu wadda tsayinta bai kai ƙirjin mutum ba.

Ranar da injin ya tashi har tsalle ta yi. Ta bar Manchester ta miƙi hanyar Birmingham, injin na ruri a bayan kunnenta, murna kamar ta kashe ta. Amma ba gwaninta za ta je nunawa ba. Turai 'yar fari ce, mahaifinta Alhaji Ashafa kuwa ya riƙe kunyar 'yar fari gam, har a ƙasar Turawa. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai "ke". In ta tuƙa shi, gidan baya yake hakimcewa ya yi gum. Abin ya daɗe yana ci mata rai, burinta ta ji sunanta a bakinsa ko sau ɗaya.

Da ta isa gidansa a unguwar Small Heath da ke Birmingham, Alhaji ya fito cikin babbar riga, ya zagaya motar yana laluben ƙofar baya.

"Ke, ina zan zauna?"

"Baba, engine ne a baya. Two-seater ce, sai dai nan kusa da ni."

Maƙwabta sun riga sun fito kallo, juyawa a gabansu ba girmansa ba ne. Ya cire hula, ya tattare riga, ya nutse cikin kujerar, kafaɗarsa na gugar tata.

Suna hawa babbar hanya ta taka totur. Motar ba nauyi, ta zabura kamar akuyar da ta tsinke igiya. Alhaji ya damƙe kujera. Turai ta ɗauka salati zai saka, sai ta ji dattijo ya ƙyalƙyale da dariya.

Da suka doshi shataletale ta sassauta.

"A'a, kar ki rage! Ƙara mata wuta, Turai! Turai!"

Hawaye ya cika mata ido har hanya ta dushe, dole ta gangara gefe ta tsaya.

"Lafiya?" in ji Alhaji. "Motar ce ta samu matsala?"

"Ƙalau take, Baba," ta ce tana dariya tana share fuska. "Don Allah sake faɗa."